Inda Ugondo Ya Ajiye Kyamara

Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe ne, ranar Alhamis. Hadari ya haɗu tun da hantsi amma ya ƙi zuba, garin ya yi nauyi, fankar shago sai juya zafi take yi. Ina zaune ina jiran Madam Sewuese, da yake ranar muka ce ta zo ta karɓi aikinta.

Shagon na Oga Nababa ne, a Bukan Sidi. Muna ɗaukar bidiyon biki da suna, muna kuma juyar wa mutane tsofaffin kaset zuwa filas na kwamfuta ko waya. Ni Mele, ni ne mai yankawa da haɗawa. A aji uku na sakandare na tsaya da karatu, amma hannuna ya zauna a kan wannan aikin, shekara huɗu ke nan ba a taɓa dawo mana da aiki ba.

Madam Sewuese manomiya ce daga Assakio, tana kawo doya kasuwa. Ranar Litinin ta shigo da wani ƙaramin kaset a naɗe cikin leda har uku. Da na buɗe, duk ya yi fumfuna. Ta ce bikin godiyar girbi ne na cocinsu, na shekara ashirin da suka wuce, a gyara mata shi ya yi kyau, na 'yarta Member ne. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ni ma ban tambaya ba. Na sa shi a inji, ya tafi da ƙyar daga farko har ƙarshe, kwamfuta tana ɗauka. Da na zo mayar da zaren baya sai injin ya tauna shi. Guntu-guntu muka ciro shi, baƙin jikinsa yana bin yatsa kamar gawayi. Matar ta zauna a kan benci. Oga ya ce mata ta kwantar da hankalinta, komai ya riga ya shiga kwamfuta, kaset ɗin ya gama aikinsa.

Kwamfutarmu ɗaya ce a kan tebur, amma akwai wata a cikinta. Manhajar da take iya yanka irin wannan tsohon bidiyo ba ta aiki a sabuwar kwamfuta, shi ya sa Kelvin, injiniyan da ke duba mana na'urori, ya gina mata wata kwamfutar a ciki, mai buɗewa kamar taga a kan allo. Muna ce mata ta ciki, babbar kuma ta waje. Ta waje ce ke ɗaukar kaset. In zan yi aiki sai in tura bidiyo zuwa ta ciki, in zauna jiran kwafi, wani lokacin minti arba'in. Nakan je in ci abinci in dawo bai gama ba. In ya gama sai in yanka yadda na ga dama, don na san asalin yana nan a waje, babu abin da ya taɓa shi.

Oga ne jiran nan ya dama. Mako biyu kafin wannan, ranar da na tafi suna Adogi, ya kira Kelvin. Da na dawo sai na ga ina tura bidiyo yana bayyana a ciki nan take, ko ƙiftawa ban yi ba. Na tambayi Oga, ya ce Kelvin ya ƙara mata ƙarfi. Na ji daɗi sosai. A raina kwafin ne ya yi sauri.

Ranar Talata na zauna a kan aikin Madam. Awa ɗaya da minti ashirin da shida ne. Mata na rawa da doya a ka, mawaƙan coci, yara na bin kyamara suna gwalo, ga ita kanta Sewuese tana yarinya, da zane mai ratsin baƙi da fari da ƙaton ciki, tana rufe fuska duk lokacin da aka juyo da kyamara kanta. Can wajen tsakiya sai mai ɗaukar ya ajiye kyamarar a kan benci bai kashe ba. Minti goma sha ɗaya babu abin da ake gani sai ƙasa, da ƙafar benci, da silifas ɗin wani mutum, da wata kaza da ta zo ta wuce. Ana ta magana da yarensu, Tibanci, ni kuwa ba na ji. Abu na farko da Oga ya koya mini a aikin nan shi ne babu wanda yake kawo kaset don ya kalli ƙasa. Na yanke wurin tas, na haɗa bakin biyu har ba a ganin ɗinki. Na danna a ajiye, manhajar ta tambaye ni ko ta ɗora a kan tsohon, na ce eh, kamar yadda na saba.

To ranar Alhamis ɗin sun iso su biyu, ita da Member, doguwar yarinya mai shiru, tana aiki a wani shagon magani a cikin gari. Na ba su kujeru, na kunna. Madam ba ta kalli rawar ba sosai. Ta ga kanta da cikin ma ba ta yi murmushi ba, Member ce ta yi. Na lura tana ta matsowa gaba a kan kujera, tana cewa 'yar ta saurara, an kusa. Sai wurin ɗinkin ya zo ya wuce, mawaƙa suka ci gaba. Ta jira kamar minti biyu, sannan ta juyo.

"Yarona, ina wurin da ya ajiye kyamara?"

Na ce mata na cire shi, ƙasa ce kawai. Ta dube ni kamar ba ta gane Hausar ba. Member ce ta yi mini bayani, a hankali, idonta a kan allo. Babanta Ugondo shi ne ya riƙe kyamarar ranar, aro ya yi a wurin wani malamin makaranta, shi ya sa bai fito a ko'ina ba. Wata biyu bayan nan babur ya kashe shi, ita kuma ba a haife ta ba tukuna. Wurin da ya ajiye kyamara ya zauna hira, nan ne kaɗai muryarsa take a duniya.

"Silifas ɗin ma nashi ne," in ji Madam.

Wallahi a lokacin ban tsorata ba. Na ba su haƙuri, na ce abu mai sauƙi ne, kwafi na yanka, asalin yana nan. Na rufe ta ciki, na buɗe ta waje, na je inda na ajiye asalin bidiyon ranar Litinin. Na duba tsawonsa. Awa ɗaya da minti goma sha biyar. Na ɗauka idona ne, na rufe na sake buɗewa. Na ja shi zuwa tsakiya, ga ɗinkina nan, mai kyau, kamar yadda na yi shi. Na duba kwandon shara na ciki da na waje, babu komai. Bayana ya jiƙe da zufa.

Na fita bakin ƙofa na kira Kelvin. Yana Akwanga yana wani aiki. Da na faɗa masa sai ya tambaye ni ko Oga bai gaya mini ba. Na ce ya gaya mini an ƙara mata ƙarfi.

"Ba ƙarfi ba ne, mutumina. Babu kwafi yanzu. Da can kana auna shinkafa daga buhu kana kai wa ɗakin ciki a kwano. Ni kuma na fasa bango tsakanin ɗakunan biyu, kowa yana sa hannu a buhu ɗaya. Abin da ka gani a ciki shi ne na waje, ba irinsa ba, shi ɗin ne."

Ya faɗi sunan abin da Turanci, wai ziro kwafi. Ya ce don Allah kada in ƙara danna komai, in kashe kwamfutar daga bango yanzu-yanzu. Ya ce abin da aka yanke ba ya gogewa nan take, yana nan kwance, sunansa kawai aka cire, har sai wani sabon abu ya zo ya zauna a wurinsa. Sai ya tambaya ko mun zuba wani babban abu tun Talata. Na tuna jiya Laraba Oga ya zuba bidiyon wani biki, katin kyamara uku, sama da awa huɗu. Na ji Kelvin ya ja numfashi. Ya ce zai nemi mota ya taho.

Na koma na zare waya daga bango. Fankar kwamfutar ta yi shiru, allo ya yi baƙi, muka ga fuskokinmu mu uku a ciki.

Oga ya dawo daga kasuwa wajen sha biyu. Da ya ji labari sai ya ja ni bayan shago, wurin janareta. Ba mugun mutum ba ne, amma tsoro ya kama shi. Ya ce in koma in ce mata tun daga kaset wurin ya lalace, ai ta ga fumfunar da idonta, zai fi mata sauƙi ta ji laifin damina ne da ta ji laifin mutum. Na ce masa na riga na gaya mata ni na cire. Ya dafe kai ya ce ni da bakina sai Allah. Da ya ɗan huce sai ya ce shi ma ya tuna Kelvin ya yi masa wani dogon bayani ranar, amma yana waya da wani uban amarya, abin da ya kama kawai shi ne sauri. Mai bikin Laraba ya aiko a karɓa masa aikinsa, Oga ya ce a ce masa gobe.

Ruwa ya sauko wajen ƙarfe ɗaya, mai ƙarfi, har sai da muka ja kujeru daga bakin ƙofa. Oga ya ce Madam ta je ta kula da doyarta, za mu kira ta. Ta ce ta bar wa maƙwabciyarta, ba inda za ta. Ya aika a sayo musu abinci, ba su buɗe ba. Ta juya kujerarta ta fuskanci baƙin allon nan ta zauna, hannu biyu a kan cinya.

Ni ban san inda zan sa kaina ba. Na share shago duk da na share da safe. Na gyara wayoyin da ba su buƙatar gyara. Daga baya na zauna a kan benci, can ƙarshe, Member tana ɗaya ƙarshen. Ita ta fara magana, ba ni ba. Ta ce shekara biyu na farko bayan rasuwar babanta, mamanta takan je gidan wani maƙwabci mai injin bidiyo ta kalli wurin nan, har injin ya mutu, ba a sake samun wani a ƙauyen ba. Tun daga nan baki ne ya riƙe shi. Tun tana ƙarama ake ba ta labarin minti sha ɗayan nan, har ta haddace. Da farko baban yana tsokanar abokinsa a kan ƙaramar doyar da ya kawo coci. Sai ya ɗauki waƙar da ake yi, muryar ba ta hau ba, aka yi masa dariya. Sai wata tsohuwa ta tambaye shi me za a sa wa abin da ke cikin, ya ce in mace ce Member.

"Maganar duk na sani," ta ce. "Muryar ce ban sani ba."

Na tambaye ta me ya sa ba su faɗa mini tun Litinin ba. Da na faɗa sai na ji kunya, kamar ina neman in raba laifin da su. Ba ta ji haushi ba. Ta ce mamanta ba ta kiran sunansa a gaban baƙo, kuma ai a tunaninta wanda aka ba gyara ba ya ragewa.

Na yi ta tunanin ranar Talata. Na tuna na ji wani ya ɗauki waƙa a wurin, har na yi dariya ni kaɗai saboda muryar ta karkace. Na ji shi, ni da ban san shi ba, ina cin gyaɗa. Na so in gaya mata na ji, kuma muryar mai kauri ce, amma ban tabbata ko abin da na tuna ke nan ko abin da nake so in tuna ba, sai na fasa.

Kelvin ya iso bayan ƙarfe uku, a jiƙe sharkaf, jakarsa a cikin leda. Ya gaishe da Madam da Turanci, ta amsa da kai. Ya kwance kwamfutar, ya ciro faifan da ke riƙe komai, ya haɗa da kwamfutarsa ta hannu. Ya ce zai sa ta leƙa duk wuraren da aka cire wa suna, kuma zai ɗauki lokaci. Na je na yi la'asar a masallacin layi, na daɗe a zaune bayan sallama, na dawo layin da ke cika a allonsa bai kai rabi ba.

Yana jira yana magana ƙasa-ƙasa da Oga. Oga ya ce a mayar da ita yadda take da, ko da jiran awa biyu ne. Kelvin ya ce hanyar ba ta da laifi, manyan wurare ma da ita suke aiki, shi ne ya kamata ya kulle wurin asali yadda ta ciki za ta iya gani amma ba za ta iya taɓawa ba. Ya yi niyya ranar, aka kira shi wani wuri, ya ce zai dawo. Kowa a cikinmu ya samu nasa kason, amma babu wanda ya ɗaga murya, don matar tana zaune taku uku daga wurin.

Wajen ƙarfe biyar saura kwamfutar Kelvin ta gama. Guntaye suka fito da yawa, ɗaruruwa, babu suna sai lamba. Kelvin ya riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Amaryar Laraba tana yanka kek. Amaryar Laraba tana kuka. Wani tsohon suna da muka yi bara. Wasu ba sa buɗewa sam, wasu kore ne kawai da layi-layi. Ya kai kamar na sittin sai allo ya nuna rabin ƙafar benci, sauran duk kore, sauti ya fito.

Ganga can nesa. Mutane na surutu. Wani namiji ya yi magana, wani namijin ya amsa, ya yi tari, ya ƙara 'yan kalmomi, ya yi dariya gajera. Sai kwatsam muryar mai gabatar da bikin Laraba ta faɗo a kai, yana kiran dangin ango su fito fili. Sakan talatin da takwas ne duka.

Member ta juya ta kalli mamanta. Maza biyu ne suka yi magana, ba ta san wanne ba. Madam ta ɗaga yatsa ta ce a sake. Kelvin ya sake. Ta rufe ido. Da na biyun ya yi tari sai ta taɓa gwiwar 'yarta.

"Shi ne wannan. Mai tari."

Aka sake sau huɗu. A na huɗun Member ta sa hannu ta toshe bakinta, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Oga ya tambaya a hankali me mutumin ya ce. Member ta ce ruwa ya roƙa, aka ba shi, ya ce wannan ruwan da zafi kamar an dafa.

Madam ta ce a nemo sauran, wurin waƙa da wurin suna. Kelvin ya buɗe duk abin da ya rage, har na ƙarshe, mu duka muna kallo. Ya sake sa kwamfutar ta nema ta wata hanya. Babu. Ya ce bikin Laraba ya zauna a kai, abin da aka rubuta a kansa ba ya dawowa, ko Legas aka kai. Ya faɗa da Hausa, ya sake faɗa da Turanci, ko da yake ta gane tun farko.

Na tashi na je gabanta na durƙusa. Na shirya magana mai tsawo tun rana, amma da na buɗe baki abin da ya fito kaɗan ne.

"Mama, ni na yanke. Ki yafe mini."

"Ka riga ka faɗa da safe," ta ce.

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta tashi tana gyara ɗaurin zaninta, ta ce da Member yamma ta yi, za su rasa motar Assakio.

Member ta miƙo mini wayarta ta ce in sa mata guntun, amma in cire muryar mai biki daga ƙarshe. Na dubi Kelvin, ya matsa ya ba ni wuri. Kafin in taɓa sai da na kwafe shi sau uku, a filas biyu da wayar Oga, na buɗe kowanne na ji da kunnena. Yankan sakan huɗu ne, abin da nake yi ido rufe, amma sai da na saurari wurin sau uku kafin in yanka. Na bar dariyar har inda ta ƙare. Na sa musu bidiyon bikin girbin da na gyara a filas, Madam ta karɓa ta jefa a jaka ba ta duba ba.

Ruwan ya koma yayyafi. Na raka su bakin titi na tsayar musu da keke mai zuwa tasha. Madam ta shiga ta zauna tana kallon gaba. Member ta shiga bayanta, ta kunna guntun ta manna wayar a kunne, ta toshe ɗayan da yatsa. Wata tirela tana wucewa, masu babur suna ta hon, mai keken ma ya kunna rediyo. Na ga ta ƙara sauti har ƙarshe, ta matse ido, ta girgiza kai.

Na laluba aljihuna na ciro iyafis ɗina, abin sauraron nan na sawa a kunne, na warware shi, na goge kan biyun da gefen riga, na miƙa mata. Ta karɓa ba ta ɗago ba. Ta soka a wayar, ta sa ɗaya a kunnenta, ta miƙa hannu ta sa ɗayan a kunnen mamanta. Mai keke ya ja suka tafi, ni kuma na tsallaka kwata na koma shago.